Waƙar da Na Sato a Bakin Dutsen Niƙan Iya

Sabon Gari, Maraɗi

Uwani ɗiyata,

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ki, ke da maigidanki Malam Isufu. Ina roƙon Allah Ya sauke ku Yamai lafiya, Ya tsare ku a hanya da bayan hanya, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa. Na sa uwarki ta cusa takardar nan ƙarƙashin zannuwanki don kada ki gan ta sai kin yi nisa. Ubanki da ya shekara talatin yana tsawata wa 'ya'yan mutane a aji, yau ga shi ya kasa kallon idon tasa ɗiyar ya yi magana. Labarin gida ba ni da wanda zan ba ki, tunda yanzu kika bar shi. Abin da ke tafe tsohon labari ne, kuma ba mai daɗi ba.

Kin tuna Juma'ar da kika dawo daga Jiratawa da akwatin ɗaukar muryar da gidan rediyo suka ba ki? Kika aje shi a tsakar gida, kika kunna mana waƙar niƙan da matan can suka rera miki. Kika ce da ita za ki riƙa buɗe shirinki na mata kowane mako, don duk abin da kika ɗauko babu mai daɗin muryarta. Sannan kika ɗan yamutsa fuska, kika ce kalmomin dai sun tsaya miki a wuya, amma tunda na kakanni ne, wace ce ke da za ki gyara musu baki. Na tashi na ce zan yi alwala, alhali da alwalata. Uwani, waƙar nan ba ta kakanni ba ce. Ni na yi ta, ina saurayi, a kan teburin aji, da alƙalamin Nasara. Muryar ce kaɗai tsohuwa, ita ma satowa na yi daga bakin mahaifiyata, Iya, wadda kike ɗauke da sunanta.

Bari in faro miki daga inda abin ya faro. Ina ɗan shekara takwas aka zo Jiratawa neman yaran da za a kai lakwal, makarantar Nasara. Masu hali suka ɓoye nasu, ni maraya ɗan mace ɗaya aka miƙa ni. A Maraɗi na faɗa hannun daraktan makaranta, wani Bafaranshe dogo da mutanen gari suka laƙaba wa Mai Lofe, don tukunyar tabarsa ba ta barin bakinsa. Ba zan yi masa ƙarya ba ko bayan ransa: bai taɓa zagina ba, bai taɓa dukana ba. Da ya zage ni, wataƙila da na tsira. Yabona ya riƙa yi, ni kuwa yaro ne mai yunwar yabo.

Kowace Asabar yana sa mu haddar waƙoƙin ƙasarsu, mu tashi tsaye mu rera. Akwai masu maganar damina da tsuntsaye, babu laifi a cikinsu. Akwai kuma wata doguwa da ya fi so, mai maganar baƙar fata. Cewa take mu manyan yara ne da ke barci tun farkon duniya, ba mu da jiya, ba mu san gobe ba, sai da farin mutum ya baro gidansa don tausayi ya zo ya ɗauki wahalarmu. Na haddace ta tun ban san ma'anarta ba, saboda sautinta yana gangarowa a baki kamar ruwan randa. Da na girma na gane abin da take faɗi, ban daina sonta ba. A raina na ce ai ba da ni take ba. Ni an riga an tashe ni, ina da takalmi, ina da littafi. Da mutanen Jiratawa take, da masu noma a bakin Gulbi, da matan da ke durƙushe gaban dutse. Ban taɓa tsayawa na lura cewa ɗaya daga matan nan ita ta haife ni ba.

Wannan ne kuskurena na fari. Don haka duk maganar da kika ji ta yi miki daɗi a kunne, waƙa ce ko lacca, ki sauke ta daga muryarta ki faɗe ta da baki tsurarta, kamar kina ba maƙwabciya labari. In kin ji ba za ki iya faɗinta a gaban uwarki ba, to ki bar ta. Kuma in an zagi mutanenki aka ce ban da ke, kada ki yi godiya.

Da na gama karatu aka ba ni ajin ƙanana, mutane suka fara ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, na manta ma sunana Nomau ne. Wata rana Mai Lofe ya kira ni ofishinsa. Ya ce bikinsu na shekara, wanda muke ce wa katoz, ya kusa, kuma Kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, yana son a ji wani abu da harshen ƙasa. Ya ce waƙarsa tana mutuwa a cikin aji tunda iyaye ba su jin Faransanci, in mai da ita Hausa yadda har tsohuwa a ƙauye za ta gane. Ya dafa kafaɗata ya ce duk ƙasar nan ni kaɗai zan iya. Na fito ofishin ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Kwana bakwai na yi ina sassaƙa baitoci. Na koya wa yara, suka rera kamar masu karanta takardar haraji. Kalmomin sun zauna, amma babu rai. Mai Lofe ya saurara, ya zuƙi tabarsa, ya ce da saura. Raina ya ɓaci, na tafi Jiratawa ranar Lahadi in huta.

Da hantsi na isa na tarar Iya tana niƙan dawa, tana waƙarta. Tun ina goye nake jin waƙar nan, amma ban taɓa saurarenta ba sai ranar, kuma ko ranar ba don Allah na saurara ba. Bari in gaya miki abin da take, tunda babu wanda zai gaya miki in ban da ni. Waƙar sunaye ce. Mace za ta fara da sunan uwarta, ta faɗi abin da ta yi a duniya, ta wuce ga uwar uwar, haka har baya can. Akwai wadda ta ɗauko ɗan dutsenta a ka tun daga Katsina lokacin da mutanenmu suka yi gudu zuwa nan. Akwai wadda ta binne irin gero a tulu shekarar yunwa, ta ƙi tonowa ko da 'ya'yanta na kuka, har damina ta sauka gari ya samu na shuka. Sunaye tara Iya take kaiwa kafin tiya ɗaya ta ƙare. Uwa ke ba ɗiyarta, ɗiya ta ƙara sunan uwar a gaba. Iya ba ta da ɗiya mace da ta rayu, ni kaɗai ne gare ta.

Na zauna a kan turmi na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce ta ƙara. Sau huɗu tana yi ina buga ƙafa ina ƙirga gaɓoɓi a raina. Fuskarta ta cika da murna, ta tsaya ta share zufa da gefen zane ta ce, "Ashe dai lakwal ba ta cinye mini kai duka ba, Nomau." Ta ɗauka kewarta ce ta kawo ni. Ni kuwa ma'auni nake ɗauka, sunayen suna shiga ta kunnen nan suna fita ta wancan. Da la'asar na koma Maraɗi na zubar da sunayen, na zuba baitocina a gurbinsu. Sun zauna daram kamar don su aka yi muryar.

Ke ma yanzu aikinki ke nan, shiga gidajen mutane da akwati kina cewa su rera miki. Za su yi murna, za su ɗauka ƙauna ce ta kawo ki, za su ba ki abin da ba su ba kowa ba. Ki gaya musu tun kafin ki danna komai: ga inda muryarsu za ta, ga wanda zai ji, ga abin da za a yi da ita. Wadda ta ce a'a, ki rufe akwatin ki sha furarta ki yi godiya. Kuma in tsohuwa tana rera miki, ki saurari abin da take faɗi, kada hankalinki ya tsaya ga ko muryar ta kamu.

Ranar katoz yarana suka tsaya a filin bariki cikin fararen riguna. Kin san baitocin, suna cikin akwatinki:

Muna kwance cikin duhu, baƙo ya zo da fitila,
Yara muke, ya ɗauke mu, ya goya mu da zanensa.
Ɗauki kaya, ɗan baƙi, kar ka ce da nauyi,
Wanda ya tashe ka barci ya fi ka sanin hanya.

Akwai baiti na biyar mai ambaton Faransa da sunanta, shi ne ya zube a hanya tsawon shekaru, shi ya sa ba ki gane asalinta ba. Kafin yaran su kai ƙarshe sai na ji matan da suka zo kallo suna amsawa, don muryar ta gida ce, jikinsu ya san ta. Kumandan ya miƙo mini hannu a gaban jama'a. Aka ba ni keke sabo. Kafin kaka waƙar ta kai Tsibiri, ta kai Jiratawa, 'yan mata suna yin ta a dandali, suna yin ta a rijiya. Ta Mai Lofe ta shekara da shekaru ba ta ƙetare katangar lakwal ba. Tawa wata uku ya ishe ta.

Lokacin ana aikin tilas. Kowane gari sai ya ba da maza su yi hanyar mota, ba lada, abinci ma daga gida ake kai musu. A shekarar aka ɗebi Mantau, ɗan Inna Dela, ƙanwar Iya da ke aure a Tsibiri. Tare muka sha nono da shi, don lokacin da Iya ta yi ciwo Inna Dela ce ta shayar da ni. Shi kaɗai ya rage mata cikin 'ya'ya bakwai. Wata safiya na bi hanyar Tsibiri a kan kekena, sai na jiwo waƙata daga nesa. Maza ne a jere, kowa da kwandon marmara a ka, gardi, dogarin Nasara, yana gefe da bulala yana ba da baiti suna amsawa. Ɗauki kaya, ɗan baƙi, kar ka ce da nauyi. Gardin ya gano cewa da waƙar sun fi sauri. Na hangi Mantau a cikinsu, ya rame, bakinsa yana motsi. Na ɗaga masa hannu. Bai ɗaga ba, hannayensa biyu suna riƙe da kwando, ido kawai ya bi ni da shi.

Ina so in ce miki kunya ta kama ni a wurin. Ba ta kama ni ba. Daɗi na ji. Na ce a raina, ji waƙata har inda ta kai. Na taka kekena na wuce ina bin amshin da fito. Wannan ne abin da ya fi komai ci mini rai yanzu, ya fi rubuta waƙar kanta.

Inna Dela ita ke kai wa Mantau fura a wurin aikin. Ta ji muryar waƙar uwarsu a bakin gardi. Bayan wata biyu aka sallamo Mantau da ciwon ƙirji, bai ga damina ba. Ba waƙata ce ta kashe shi ba, na sani, na kuma daɗe ina fakewa da wannan. Amma da ita aka riƙa kora shi, kuma ita ta gaya wa mai bulalar cewa alheri yake yi. Da na je gaisuwa Inna Dela ta juya fuskarta ga bango. Daga ranar ba ta ƙara yi mini magana ba, shekara talatin da wani abu.

Abin da nake so ki riƙe a nan, duk abin da ya fita daga bakinki a rediyo ba ki da ikon kiransa ya dawo. Kafin ki sake shi, ki tambayi kanki wa zai fi jin daɗinsa, mai kwando ko mai bulala. Kuma ranar da kika ji ana maimaita maganarki a kasuwa ranki ya yi fari, ki tsaya ki duba a bakin wa take.

Iya ba ta ce komai ba sai bayan arba'in ɗin Mantau. Na je na same ta tana niƙa, shiru, sai ƙarar dutse. A gidan maƙwabta 'yan mata suna ta rera tawa. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Nomau, wagga waƙa an ce kai ka yi ta." Na ce ni ne. Ta ce, "Ashe cikin duhu na haihe ka? Ni dai na san da rana tsaka ne, ana shuka."

Da na yi shiru a nan, da na durƙusa, da wataƙila an samu abin gyarawa. Sai na buɗe baki na yi mata darasi. Na lissafa mata asibiti, da lambar agana da ta hana yara mutuwa, da hanyar mota, da rijiyar siminti. Na ce mata ba zagi ba ne, misali ne irin na masu ilimi. Ta bar ni har na gama, ta ce to, Allah Ya ƙara sani, ta ci gaba da niƙanta. Ta shekara shida bayan haka. Duk zuwan da na yi ban ƙara jin ta rera komai ba, kuma ban taɓa tambayarta dalili ba, don na sani. Ta rasu kina ciki wata bakwai. Na sa miki sunanta ina ganin kamar na biya wani abu.

Abin da na lissafa mata ba ƙarya ba ne. Lambar agana ta ceci yara, ke ma tana damtsenki. Wannan ne ya sa irin waƙoƙin nan suke da wuyar kamawa: ana ɗaukar alheri ɗaya na gaske a ɗora masa ƙarya goma, wanda ya musa ƙaryar a ce masa butulu. Mutum yana iya karɓar allura ya yi godiya ba tare da ya yarda cewa uwarsa yarinya ce ba. Ban san haka ba sai da furfura ta fito mini. In wata rana babba ya yi miki tambaya irin ta Iya, kada ki ba shi amsa da abin da kika karanta. Ki zauna ƙasa ki ji ciwon da ya sa ya tambaya.

Za ki ce ai wannan zamanin Nasara ne, ya wuce. To saurari na ƙarshe, wanda ba ni da Mai Lofe da zan ɗora wa. Shekarar da aka samu mulkin kai, manyan gari suka aiko a yi waƙar biki, suka ce a nemi Mushe, shi ne gwani. Na ɗauko tsohuwar takardata na kaɗe ƙura. Na goge baƙo na sa 'yan boko, na goge Faransa na sa gwamnati, sauran na bar shi yadda yake. Har yanzu mutanen ƙauye ne ke kwance cikin duhu, har yanzu su ne za su ɗauki kaya kada su ce da nauyi. Mai fitilar kawai na sauya. Aka tafa mini kamar wancan karon, har da wasu da suka sha ɗauri saboda ƙin Nasara. Babu wanda ya ga aibu, ni ma ban gani ba sai da na hangi manoman Jiratawa a bayan igiya, an kawo su cikin kamyo, babbar motar kaya, su yi tafi, suna tsaye a rana daidai inda iyayensu suka tsaya.

A Yamai za ki ji ana yawan cewa a je a wayar wa talakawa da kai. Wani lokaci da gaskiya ake faɗi, akwai abubuwan da ya kamata mata su sani game da ruwa da haihuwa da ciwon yara, ki faɗa musu da zuciya ɗaya. Amma ki lura da ranar da za ki ji kanki kina cewa "su" in kina maganar matan Jiratawa. Ni daga wannan kalmar na fara lalacewa. Ki shiga gidajensu da sanin cewa abin da za ki koyo ya fi abin da za ki koyar.

Yanzu ga abin da ya faru bayan Juma'ar nan. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Na zauna da takarda in rubuta miki sunayen tara, in ce ga ta gaskiyar, ki sa wannan a madadin waccan. Uwani, ko ɗaya ban kawo ba sai na kakata, shi ma don na san ta da ido. Baitocina kuwa, har na biyar ɗin da kowa ya manta, suna nan a kaina ba ko tuntuɓe. Na je Jiratawa na bi tsofaffi gida-gida. Waɗanda suka rera miki 'yan mata ne lokacin da na yi ta, da ita suka tashi, da gaskiyarsu suka ce miki gado ce. Waɗanda suka girme su sun tafi. Wata ta ce mini in dai waƙar gidan su Tarana kakata nake nema, saura mutum ɗaya a duniya, kuma na san ko wace ce.

Ranar Talata na tafi Tsibiri a ƙasa, ban hau komai ba, ta hanyar da su Mantau suka yi. Na sami Inna Dela a inuwar rumbu a gidan jikan wansu da ke riƙonta. Idonta ya tafi, ta ƙanƙance, amma kunnen yana nan. Ina yin sallama ta ce, "Mushe ne?" Ba ta ce Nomau ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na faɗa mata komai, da akwatinki, da shirinki, da cewa ƙasa duka za ta ji waƙar a matsayin ta kakanni. Na ce ban zo neman gafara ba, don ban ga fuskar da zan nema da ita ba. Sunayen na zo roƙo.

Can ta tambaya ko ɗiyar nan ita ce mai sunan yayarta. Na ce ita ce. Ta ce, "Don ita zan yi, ba don kai ba. A kawo mini ɗan dutse, bakina bai buɗewa in hannuna na zaune."

Matar gidan ta ɗauko ɗan dutsen niƙa ta aje mata a kan tabarma. Ta dafa shi da hannu biyu, ta fara turawa tana jawowa a kan babu komai. Sai muryar ta fito, siririya, tana rawa, amma ita ce, ta Iya ce sak. Na fiddo alƙalami. Ta ambaci Tarana, uwarsu, mai kiwon tumaki da ta shayar da marayu uku. Ta ambaci Hakama uwar Tarana, wadda ta ƙetare Gulbi da ciki ranar da ya cika. Ta ambaci Gwamma uwar Hakama, mai rini. Muryar ta hau inda take hawa kafin suna na huɗu, sai na ji ta ce, "Muna kwance cikin duhu, baƙo ya zo da fitila."

Ta tsaya cak. Ta girgiza kai, ta koma farko. Tarana, Hakama, Gwamma, ta zo daidai wurin, baitina ya sake fitowa. Ta gwada na uku a hankali, tana jan kowane suna kamar mai taka tsani, ta iso wurin ta yi shiru, leɓɓanta suna motsi, tana nema. Na ga lokacin da ta gane babu. Shekara talatin tana jin tawa ta kan katanga, a rijiya, a gidan biki, ita kuma ta rufe bakinta da tata don fushi da ni.

Ta ɗauke hannunta daga kan dutsen ta ce, "Ka ji ko, Mushe? Har cikin bakina ka shigo." Ba da faɗa ta faɗa ba. Sannan ta ce wa matar gidan ta ɗauke dutsen, ta ce mini in tashi in kama hanya kafin rana ta yi zafi.

Na yi kuka a hanyar dawowa, ni da gemuna, masu jakuna suna wucewa suna kallona. Mata shida, Uwani. Wadda ta ɗauko dutse daga Katsina da wadda ta binne iri suna cikinsu. Yunwa ba ta shafe sunansu ba, gudun hijira bai shafe ba, Nasara da kansa bai san da su ba balle ya taɓa su. Ɗan gidan ne ya yi, don a dafa masa kafaɗa a ba shi keke.

Ba zan ce ki ƙone faifan ba. Matan da suka rera miki ba su yi laifi ba, kuma ɓoye abin ba zai mai da shi bai faru ba. Abin da nake roƙo, in za ki sa ta, kada ki ce ta kakanni ce. Ki ce wani malamin lakwal ne a Maraɗi ya yi ta don ya faranta wa Nasara, ki faɗi sunana, ki ce ubanki ne. Na san abin da hakan zai jawo mini a majalisar ƙofar gida, kuma na san sabuwar ma'aikaciya ba ta son fara aiki da tonon asirin gidansu. Shawara tana hannunki da na maigidanki, ba zan riƙe ki da komai ba. In kin yarda, bayan ta ƙare ki karanta sunayen ukun nan, ki tambaya ko akwai wata tsohuwa, a Tsibiri ko Madarunfa ko can Katsina, da ta san wadda ta haifi Gwamma mai rini. Rediyo yana shiga inda ƙafata ba za ta kai ba. Ban sa rai sosai ba, amma ban san wata ƙofar ba.

Ga abin da na samo, na jera miki yadda ake jerawa. A bisa al'ada ta hannun uwa take bi, amma Iya ba ta da wata sai ke. Ki fara da sunan da aka raɗa miki ranar suna, wanda bakina ba ya iya faɗi, nata ne. Sai Tarana. Sai Hakama. Sai Gwamma. Na bar layi shida a ƙasan takardar nan ban rubuta komai ba, kada ki yanke wurin.

Allah Ya tsare ki daga sharrin mai yabo da na mai zagi. Ya sa albarka a muryarki, Ya hana ta zama bulala a hannun kowa. Ya ba ku zaman lafiya ke da Malam Isufu, Ya dawo mana da ku muna raye. Allah Ya jiƙan Iya, Ya jiƙan Mantau, Ya sassauta wa Inna Dela tsufanta. In kin yi salla ki sa ni a ciki, ki kuma sa matan nan shida. Allah Ya san sunansu.

Ubanki,
Nomau, wanda ake ce wa Mushe